Akwati na Huɗu a Lefen Haulatu

Sabo, Ibadan
Talata, Fabrairu 1968

Zuwa ga Haulatu, farin watan Sabo, ruwan randa a tsakiyar azahar, farar goriyar da ke saman huhu, inuwar mangwaron da nake gudowa in fake duk ranar da karatu ya gasa mini ƙwaƙwalwa!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin wartsake, ke da Inna da duk matan gidanku da suka ji ciwo wajen gudu ranar Lahadi. Yaya gwiwar Gwaggo Amariya? An ce ita ta fara kai bakin titi, alhali shekara uku ke nan ba ta tashi sai an kama ta. Ki yi mata barka, mu a asibiti mun kasa abin da akwatina ya yi mata cikin minti ɗaya.

Wayyo Haulatu! Kwana biyu ban karanta ko layi ɗaya ba. A jami'a an koya mana zuciyar ɗan Adam ɗaki huɗu gare ta, na kuma gani da idona. To na leƙa tawa, na tarar kin tare a duka huɗun, ko wurin shimfiɗa tabarma ba ki bar mini ba. Yanzu a ce in kwashe ki in kai ina?

Bari in faɗa miki gaskiyar abin da ya faru, don abin da ake yaɗawa ya wuce hankali. Jiya a kasuwar Mokola mai gasa ayaba ta ƙi sayar mini, ta ce ba ta ciniki da mai tara kawunan mutane. Kawuna fa! Wallahi guda ɗaya ne tal.

Duk ɗalibin likita sai ya nemi akwatin ƙasusuwa na karatu. Daga ƙasar waje ake kawo su, a wanke tas, mu riƙa juya su muna haddace kowane rami da kowane tudu, don ranar da aka kawo mana mai karaya kada mu tsaya muna zare ido. Namu muna kiransa Malam Shiru, saboda duk tambayar da muka yi masa bai taɓa amsawa ba. Akwatinsa na katako ne, gara ta cinye, sai na je Mokola na sayo masa na kwano, kore mai jajayen furanni. Ta ina zan san gwaggona, Gwaggo Lami, ta sayo uku irinsa sak, wurin mutumin da ya sayar mini, don lefenki?

Ranar Asabar na zo gida, na tura shi ƙarƙashin gadon Iya mahaifiyata. Lahadi da hantsi na fita aski. Mata suka zo ɗaukar lefe, suka jawo uku, suka hango na huɗu. Gwaggo Lami ta ɗaga, ta ji kwaram-kwaram, ta rangaɗa guɗa, ta ce ai Isiyaku tangaran ya sayo wa amarya a ɓoye, ɗan boko ya iya soyayya. Ta hana kowa taɓawa. Ita ta ɗora shi a kanta, ta shige gaba, tana tafiya tana tsayawa don mutanen unguwa su ƙirga da kyau. Makulli ɗaya kuma ashe yana buɗe duka huɗun, Allah ya isa tsakanina da maƙerin nan.

Sauran kin fi ni sani, tunda kina leƙe ta labule. An nuna atamfa, an nuna leshi, an nuna takalma, aka ajiye na huɗu sai ƙarshe, har aka aika a kira maƙwabta. Gwaggo Lami ta zura hannu ba ta duba ba, ta ɗago Malam Shiru sama tana cewa a kalli aikin Ingila. An ce Iya Sikira mai amala ta kurma “E gba mi o!” da Yarbanci, wato ku cece ni, har aka ji ta a masallaci, an ce randa biyu sun fashe, an ce wata ta gudu da ɗan wata ta bar nata. Takalmi goma sha ɗaya aka tsinta, babu mai ɗan'uwa.

Amma ke! Ya hasken idona, ya sanyin ƙirjina, Gwaggo Lami da ta maƙale bayan turmi ta ba ni labari. Da tsakar gida ta zama wayam, kika fito, kika ɗauki kan nan da hannu biyu, kika yi bismilla, kika mayar da shi akwati, kika yaye mayafinki kika lulluɓe shi. Wace mace ce a Ibadan, daga Sabo har Akinyele, za ta yi haka? Ni da nake taƙama da karatun likita, ranar da na fara ganinsa sai da aka yi mini fifita.

Dama na san halinki tun bara, ranar da aka turo mu ɗalibai mu taimaka wajen yin lambar agana a ƙofar gidan mai unguwa. Na yi wa mutum fiye da ɗari hannuna bai motsa ba. Kika miƙo damtse, sai audugar ta faɗi, na sunkuya in ɗauka, na ƙume kaina da tebur. Kika dube ni kika ce likita ya zauna ya sha ruwa, ke ba kya sauri. Tun ranar nake ciwon da babu shi a littattafanmu, kuma na duba su duka.

To ga inda magana take. Mahaifinki, Baba Alhaji Haladu, ya kulle akwatin a shagonsa na goro, ya aiko mini da saƙo. Ya ce bawan Allahn nan, ko wane ne shi, yana da haƙƙin likkafani da rami. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko, ko dai in zo da kaina in kama makara a kai shi, ko kuwa in zo in kwashe akwatunana huɗu, maganar aure ta mutu. Ban ga laifin Baba ba, don tausayi ne ya sa shi. Ni ma sau da yawa nakan riƙe hannun Malam Shiru in yi tunanin wa ya taɓa riƙe shi yana da rai.

Kada ki zaci jarrabawar da ta rage mako uku ce ta tsaya mini a wuya. Da don ita ce, da tuni na sayo likkafanin, in ya so in ari ƙasusuwan wani. Haulatu, Malam Shiru ba nawa ba ne.

Na Okwudili ne, abokina Ibo da ke gaba da ni da aji ɗaya. Shi ya koya mini riƙe wuƙar fiɗa, ni na koya masa cin tuwo da miyar kuka a ɗakin Iya, har yana neman ƙari. Da ƙasa ta rikice bara waccan, ɗaliban Gabas suka tattara za su tafi, na raka shi tasha. Motar ta cika maƙil, direba ya ce ko shi ko akwati. Ya dangwara mini shi a hannu, ya ce mahaifiyarsa ta sayar da gonar rogo kafin a saye shi, in riƙe masa, zai dawo ya ƙarasa karatu. Yana dariya ya faɗa. Wata goma sha shida ke nan. Tun da aka fara yaƙi ko takarda ɗaya ban samu ba, kuma duk ranar da aka sauke masu rauni a asibiti sai na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ma san abin da nake nema ba. Ina tsoro, Haulatu. Gani nake in na sa ƙasusuwan nan a rami, kamar na yarda ke nan shi ma ba zai dawo ba.

Don haka ranar Juma'a zan zo, amma ba zan kama makara ba. Zan durƙusa gaban Baba in faɗa masa abin da na faɗa miki, in yi masa alkawarin ranar da mai kaya ya dawo muka gama karatu, ni zan roƙe shi, ni zan sayi likkafani, Baba ya ja mu salla. Ke kuma, ya kurciyar zuciyata, ki taimake ni ta wajen Inna, kin san Baba ba ya ƙetare maganarta in ta kawo masa fura. Ta tambaye shi: mutumin da ya riƙe busassun ƙasusuwan wani wata goma sha shida, yana goge su duk Asabar, ko ɗan yatsa bai ɓata ba, yaya zai riƙe 'yar mutum mai rai? In da hali kuma ta roƙe shi ya janye akwatin daga kusa da huhunan goro, don ana yayyafa musu ruwa, Malam Shiru kuwa ba ya son laima.

Idan duk da haka Baba ya ce in kwashe, zan kwashe, ina kuka Sabo tana kallo. Zan kai naki ukun ƙarƙashin gadon Iya in jera su kusa da na huɗun, in riƙa goge su duk Asabar, ba mai ɗaura atamfar nan, ba mai sa takalman nan. Amana ta zama biyu ke nan. Na iya jira, Haulatu, kin ga shaida da idonki, har kin rufa mata mayafi.

Mairo ƙawarki za ta kawo miki wannan. Ita ma sai da ta sa na zazzage ambulan a gabanta kafin ta karɓa.

Naki, yau da gobe, har ranar da ni ma zan koma kamar Malam Shiru,

Isiyaku