Jan Ɗigo Goma Sha Ɗaya

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama, da Yaya da iyalinsa. Ya ciwon bayan naka? Mama ta ce har yanzu ka ƙi zama a kujerar nan mai jingina, kana nan a kan bencinka a duƙe cikin kekunan ɗinkin mutane. Ni dai ban ce komai ba, na ji ne kawai.

Ka tambaye ni me za ka gaya wa abokanka na layin masu gyara idan suka ce me Auta take karantawa a jami'a. To, sai ka ce musu ranar Litinin tarihi, Talata falsafa, Laraba adabi, Alhamis harsuna, ranar Juma'a kuma ta zauna ta gano abin da ya haɗa su. Na san Yaya ya ce digirin da ba ya koya wa mutum sana'a guda yawon buɗe ido ne. Ban manta da sharaɗinmu ba: zango ɗaya ka ba ni. In sakamako ya yi kyau na ci gaba, in bai yi ba na cike fom ɗin makarantar haɗa magunguna na bi sahun Yaya. Ka bar fom ɗin inda yake a ƙarƙashin kwalin allurai, ba zai fito ba.

Malamin tarihinmu dattijo ne mai furfura, ɗalibai na kiransa Ina-Hujja, don ko gaishe shi ka yi sai ka ji kamar zai tambaye ka ita. Yana kallon mutum ta saman tabarau kamar yadda kake yi. A layin gaba nake zama, ba abin da ke wuce ni. Sai dai ina tausayinsa, tsufa ya fara taɓa shi. Kowane mako sai ya yi kuskure ɗaya a lacca, ko ya juya shekara, ko ya ba wani sarki yaƙin da ba nasa ba. Idan na kama, nakan sa ɗan jan ɗigo a gefen littafina in yi shiru. Ba ka rene ni in gyara wa babba magana a gaban jama'a ba.

Ka gaishe da Mama, ka ce mata ina cin abinci.

'Yarka,
Auta

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kowa yana lafiya. Na fi so ka ji wannan daga bakina kafin Yaya ya kawo maka shi da ƙari.

An ba mu aikin rubutu a kan littafin da Malam Ina-Hujja ya wallafa game da sana'o'in hannu. Na yi shafi goma, na bi shi babi babi, na yaba inda ya dace, na yaba har inda bai dace ba. Maki talatin da takwas ya ba ni cikin ɗari. A ƙasa ya rubuta: “Wannan littafina ne, na riga na karanta shi. Ina naki?” Makin magana a aji kuwa sifili ne, tunda ban taɓa buɗe baki ba.

Na tafi ofishinsa da raina a ɓace. Ɗan ɗaki ne, littattafai har a kan kujerar baƙi, don haka a tsaye na yi bayani. Don in nuna masa ba wasa nake yi ba, na miƙa masa littafina ya ga yadda nake rubuta laccarsa. Yana buɗawa ya tsaya a kan ɗigo na farko, ya tambayi ma'anarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban iya ƙarya ba, na gaya masa. Ya bi shafukan da yatsa yana ƙirgawa har goma sha ɗaya, sannan ya cire tabarau ya gaya mini gaskiya.

Baba, ashe da gangan yake yi. Shekara da shekaru kowace lacca sai ya saka kuskure guda, yana jiran wanda zai ɗaga hannu. Ya ce mako goma sha ɗaya yana komawa gida yana gaya wa matarsa bana an ba shi ajin kurame, ashe akwai mai ji a gabansa tana kallonsa tana tausayinsa. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne da ya ce na yanke masa hukuncin ruɗewar tsufa ba tare da na ba shi damar kare kansa ba, kuma shi bai ga girmamawa a nan ba. Na yi kuka a matakala, ba zan ɓoye maka ba. Kuka na yi don gaskiya ya faɗa.

Ya ba ni dama ɗaya. Ranar laccar ƙarshe zan tsaya a gaban aji in ƙaryata babi guda na littafinsa, shi yana zaune a kujerata. Kada ka damu, na riga na san babin da zan kama.

A gaishe da mutanen gida.

'Yarka,
Auta

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya ya zo jiya, ya kawo mini fom ɗin da sa hannunka a ƙasa, har da biro ya haɗo mini da shi. Na gode da turaren da Mama ta aiko.

Bari in fara da laccar. A babi na shida Malam ya ce sana'ar gyara ta mutu a wani gari cikin shekara goma, hujjarsa kuwa rajistar shaguna, inda hamsin suka koma bakwai. Na tashi na ce rajista shago take ƙirgawa, ba mutum ba. Na ba su labarin layinku: yadda aka rufe shaguna huɗu, amma masu su suka rataya jaka suna bin gidaje, wani ma ya fi samun aiki fiye da da. Na kawo takardun ƙungiyar masu gyara na garin da ya yi magana a kai, waɗanda na tono a ɗakin karatu, sunaye sun ƙaru a shekarun da ya ce sun ƙare. Malam ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya ce ya karɓi wannan, zai gyara. Wata hujjar da na ƙara kuwa ya yi mata kaca-kaca cikin minti uku, aka yi ta dariya, har da ni. Ban taɓa jin daɗin kaye irin wannan ba.

Sakamakon zai fito tsaka-tsaki, talatin da takwas ɗin nan za ta ja shi ƙasa. A ma'aunin Yaya na faɗi sharaɗi. Duk da haka ga fom ɗin nan na mayar maka ban cike ba.

Tun da na yi wayo ban taɓa ce maka a'a ba. In na ga ba haka ba sai in ce to, in shiga ɗaki in ƙi cin abinci, kai kuma ka ɗauka ciwon kai ne. Yau zan faɗa da baki. Na farko, makin da na rasa ba don karatun ya fi ƙarfina ba ne, don shiru ne, kuma na bar shi. Na biyu, masu wannan digiri suna samun aiki a koyarwa da jarida da gidajen adana tarihi. Na uku, ni ba Yaya ba ce, in na haɗa magani raina yana wani wuri, wata rana zan cuci wani. Ina jin tsoron ɓacin ranka ƙwarai, amma na fi jin tsoron in ci gaba da yi maka abin da na yi wa Malam.

Ka yafe mini in na yi kaushi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

Baba,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na ga kowa lafiya, alhamdu lillahi. Shafi uku, Baba, kai da duk saƙonka bai wuce layi huɗu da addu'a ba. Mama ta ce kwana biyu ka rufe shago da wuri kana rubutu kana yagawa.

Ka ce hujjata ta biyu ba ta da ƙafa, don ban kawo maka sunan mutum ko ɗaya da ya gama ya samu aikin ba. Gaskiyarka. Na je ofishin sashenmu na roƙi adireshin waɗanda suka gama, zan rubuta musu, in zo maka da amsarsu a hutu, mai daɗi da marar daɗi. Ta uku kuwa da ka ce son rai ne ba hujja ba, ban yarda ba, kuma na tanadi abin da zan ce.

Na juya ambulan na girgiza shi sau biyu, fom bai faɗo ba. Ba ka ambace shi ba, ni ma ba zan ambata ba. Layin da na fi karantawa shi ne na ƙarshe, inda ka ce shekara ashirin kana zaton ba ni da abin faɗa maka ne. Ina da shi da yawa, Baba. Ka sa Mama ta ajiye mini wuri a kan bencin nan kusa da kai, don maganar za ta yi tsawo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta