Daga La'asar Zuwa Faɗuwar Rana

Kibuz Nir Ayala, ƙauyen noman haɗin gwiwa, Galili, Isra'ila

Tirza 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya birnin Haifa, ya maigidan da yara?

Taron ƙauye ya zauna, an ɗaga hannu, an yanke in bar ɗakina in koma gidan tsofaffi, wai ƙafata ba ta kai ni zauren cin abinci. Ni Zelda! Ni da na kwashe duwatsun gonar nan tun muna kwana a tanti, zazzaɓi na kaɗa ni. Kin san wane gini ne? Tsohon gidan renon da ku yaran ƙauye duka kuke kwana aka shafa wa fenti. Na ji kuna da ɗakin da ba kowa. Ba roƙo nake ba, tambaya ce.

Mahaifiyarki

Zelda,

Muna lafiya, ina gaishe ki. Da sunanki na kira ki, don haka kuka koya mana, wai uwa ta kowa ce.

Ginin nan ai na fi ki saninsa. Ina jaririya kika miƙa ni can. Kullum da la'asar a kawo ni wurinki, rana na faɗuwa ki mayar da ni, ina riƙe da zanenki kina ɓamɓare min yatsu. Da iyaye suka nemi yara su riƙa kwana a gida, wa ya fara ɗaga hannu ya ce a'a? Ina leƙe ta taga, na gan ki. Har yau abin yana ci na.

Ki huta lafiya,
Tirza

Tirza,

Na gaishe ki, amma kin cika baki. Sakarci kika ɗauka muka yi? Da kowace uwa ta zauna goyo, wa zai tatsi shanu? Ƙasa muka gina, yarinya! Kin ci kin ƙoshi, ba ki taɓa yawo ba takalmi ba. Ko yau aka sake taron, hannun nan zan ɗaga. Ranar Lahadi za su kwashe kayana. Ki ba ni amsa.

Mahaifiyarki, ko kin ƙi ko kin so

Zelda,

Ina gaisuwa. Abin da taro ya yanke ai ba a tayarwa, ke kika faɗa. Ki roƙi gadon da ke jikin taga, ana hango hanya daga nan. Zan riƙa zuwa da la'asar. Rana na faɗuwa zan tafi.

Tirza