Takardar da Ke Aljihun Baffa

Zuwa ga Likita Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka a can ƙasar da aiki ya kai ka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Sau uku ina kiranka kan wata magana, duk sanda na taɓo ta sai ka ce layi ba kyau. To, ga ta a rubuce.

Ka tuna shekarar da ake ta maganar shari'a, lokacin da makarantarku ta turo ka Dutse koyon aiki a asibiti? Ni da mahaifina, Baffa, mun taso daga Taura za mu Buji kai wa yayansa goron aurena. Na ce mu ratse in ga abokina na kwaleji, wanda muka sha garin kwaki a kwano ɗaya.

Ka fito da farar rigar da ta fi ka girma, da abin awon ƙirji a wuya, na yi ta yi maka tsiya. Ka durƙusa ka kama hannun Baffa da hannu biyu, ka daɗe ba ka saki ba. Na ɗauka ladabi ne. Sai daga baya na tuna idonka yana kan faratansa, da ƙafafunsa da suka cika takalmi.

Sannan ka shigar da mu wani ɗaki, ka aike ni bakin titi sayo lemo. Ni, baƙonka. Da na dawo na tarar Baffa yana gyara wuyan rigarsa, kai kuma kana ta surutu kan zafin gari kana sosa ƙeya. Habu, tun muna kwaleji ba ka sosa ƙeya sai in akwai abin da kake ɓoyewa.

A mota Baffa ya ce, "Abokin nan naka ɗan mutane ne." Mutumin da ban taɓa jin ya yabi kowa ba.

Aka yi biki lafiya. Sati uku bayan nan Baffa ya kwanta, bai tashi ba. Ka zo ta'aziyya ka zauna can gefen tabarma, ka ƙi haɗa ido da ni.

Bara Inna ta ba ni babbar rigarsa da ta daɗe a ƙasan akwati. A aljihun na sami takarda a ninke. Rubutunka ne, ni da na yi shekara biyu ina kwafar darasi daga littafinka. Ka rubuta a kai shi asibiti a Kano a cikin satin, kada a jinkirta.

Na san Baffa. Irin kunyarsu ta Fulani, ba zai ambaci ciwo a gaban ɗansa ba. Ina zargin ya ɗaure ka da amana, kada bikina ya tsaya. Akwai ranakun da nake jin haushinka har raina, akwai kuma waɗanda nake tausayin ɗalibin da dattijo ya riƙe wa hannu yana roƙo.

Ba laifi nake neman ɗora maka ba, ɗan uwana. Ka faɗa min abin da ya ce maka a ɗakin nan. In saboda aurena ya ƙi zuwa Kano, faɗa min haka, zan iya ɗauka.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa. Kai kuma Allah ya tsare ka, ya sauke maka nauyin da ka ɗauka kai kaɗai.

Abokinka da ka aika sayo lemo,
Buba