Girkin Uma da Zalɓen Ƙarfe

Bayan asuba: ɗanɗana ruwan bakin gona. Da sauran tsami, amma bai kai na jiya ba.

Handil Jarau, Barito Kuala
Nuwamba, 1996

Zuwa ga yayana Kaspul, a Sandakan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da layin da ke can sama, daga littafin ayyukana na yago takardar. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Masliah da yara, ya kuma tsare ka daga sharrin zarto da faɗuwar gungume a dajin da kuke aiki. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwar mahaifiyarmu Uma ta yi sauƙi, bakinta kuwa ka san bai taɓa ciwo ba. Cikin matata Norsehan ya tsufa, amma har yanzu ita ke kora agwagi.

Yaya, na fara wannan wasiƙa na yaga ba sau ɗaya ba. Magana ce a kan irin shinkafar mahaifinmu Abah, Allah ya jiƙansa, wanda saura ƙiris mu rasa shi, da abin da na yi don kada mu rasa shi. Bana ƙwari sun shiga rumbu, ɗan abin da ya tsira na zuba shi duka a gadon iri na bakin gona, ban rage ko tafin hannu ba. Idan ya mutu, babu abincin baɗi, babu kuma irin. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka tuna yadda magudanar garinmu ta cushe, ruwan sama ya kwanta a gonaki ya ƙi fita. To, a ƙarshen rani hukuma ta aiko da injin haƙa. Katafila ce aka ɗora a kan faffaɗan jirgin ƙarfe. Sai ta miƙa dogon wuya ta cako laka ta ajiye a gefe, sannan ta kafa cokalinta a ƙasa ta ja kanta gaba. Mutane suka sa mata suna Zalɓe. Ba ta iya wuce yashin bakin magudana sai a babbar cikar ruwa ta tsakiyar wata, lokacin da teku ke turo kogi, da ita ta shigo, da ita za ta fita. Direbanta Sutris ne, mutumin Jawa, mai kunya, wanda bai iya cewa a'a ba. Haji Darkuni, shugaban magudana, ya ce zurfin kada ya wuce ƙirjin mutum, yadda kakanni suka bari, don ƙasa mai tsami tana kwance a ƙarƙashin baƙar laka, kuma ba a tashinta. Ya sari sandar itacen galam ya yi mata tsaga, ya damƙa mini, wai ni na yi makaranta, in riƙa bin Zalɓe ina aunawa.

Ka san al'adarmu ta gayya: gidan da haƙa ya iso gabansa shi ke ciyar da masu aiki. Haka aka yi wa Sutris. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, da can idan mutane suka kai ƙirji sun gaji, komai daɗin girki. Zalɓe ba ta gajiya. Shi kuma Sutris ba shi da abin ramawa sai cokalin injinsa, duk gidan da ya ci ya ji daɗi sai ya ƙara musu zurfi kaɗan. Nan da nan mata suka gane. Zurfi a ƙofar gida yana nufin kwale-kwale ba ya maƙalewa idan ruwa ya janye, ga tulin laka na dasa lemo. Tun daga bakin magudana tsagar sandata take nutsewa kaɗan-kaɗan, ina gaya wa Haji, yana cewa ɗan yatsa ba ya kashe gona.

Sai aka iso gidan Gwaggo Jumantan, maƙwabciyarmu. Ta yanka agwagwa. Washegari a matakalar wanki ta ce, da ƙarfi don Uma ta ji, wai ita yanzu ko jirgin Banjarmasin zai iya kwana a ƙofarta, wasu kuwa sai su ci gaba da tura kwale-kwale a laka kamar ɓauna. Kai ka san Uma. Ta gasa kifin haruan, ta dafa shinkafa a ganye da miyar kwakwa, ta fasa ƙwan agwagwa mai gishiri, ta toya wainar ƙwai irin ta salla, har da taba mai kanumfari. Na ce mata ta rage, don abincin nan rami zai zama. Ta tambaye ni wai ita ta haife ni ko sandar Haji ce ta haife ni, kuma baƙo ya zo ƙofar matar Abah ya ci ganye, Jumantan ta ji? Na koma wurin Sutris, ya amsa da baki cike, wai kada in damu, kaɗan zai ƙara, don darajar Uma.

Da na tsoma sandar, tsagar ta nutse, sandar ta nutse, hannuna ya bi ta har gwiwa ban taɓa ƙasa ba. Lakar da ke fitowa ta koma ruwan toka, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na yi ihu, amma injin na ruri, Uma kuma tana tsaye a gaɓa tana yi masa alama da ludayi ya ƙara. Har yau ina tambayar kaina ko ihun nawa ya kai ihu. Wataƙila da kai ne, da ka hau jirgin ka kashe injin. Ni na tsaya ina nuna masa jiƙaƙƙiyar sanda.

Zalɓe ta yi gaba. Rana ta busar da tulin lakar, rawaya ta fito masa ɗigo-ɗigo, sannan ruwan farko ya sauka ya wanke shi cikin gona. Ruwan magudana ya yi garau kamar madubi, gefensa ya yi jan tsatsa. Kifaye suka taso ciki sama, agwagi suka ƙi shiga. Duk sanda ruwa ya janye kuma, sai ramin ya zuƙe gonarmu tas, ƙasa ta sha iska ta ƙara tsami. Ganyen irin Abah ya fara ja daga baki. Uma ta ce bakin Jumantan ne, Jumantan ta ce haɗamar Uma ce, don nata irin ma ya ƙone, sai dai nata na kasuwa ne, za ta sake saye. Haji Darkuni kuwa a ƙofar masallaci, gaban kowa, ya tambaye ni wai sandar da ya ba ni ta aunawa ce ko ta dogarawa. Yaya, ni na faɗa tun farko, kowa ya ce ɗan yatsa ne, ranar wanka kuma cibiyata kaɗai aka gani. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Maganin ɗaya ne, kowa ya san shi: a rufe ƙasar da ruwa kada ta sha iska. Wato a yi madatsa a ƙasan gonarmu, mai ƙofa, ruwan kogi ya shigo da cika, a tsare shi, a riƙa sakin mai tsamin kaɗan-kaɗan. Amma ramin ya fi ƙarfin galam, don galam gajere ne, ruwa zai kwashe shi. Babu kuma hannun da zai kafa itace a wannan zurfi sai cokalin Zalɓe, ita kuwa ranar Juma'a za ta fita da babbar cika, ta haye kogin Barito zuwa wani aiki. Dogon itace mai ƙarfi a duk garin nan wuri ɗaya yake: ginshiƙan ulin naka da ke jibge a ƙarƙashin gidan Uma, tsakanin ƙafafun da ke ɗage gidan, waɗanda ka tara don gina gidanka, Abah ya rubuta sunanka a jikinsu da jan fenti.

Na shiga kwale-kwale har Marabahan na buga waya sansaninku, aka ce kuna cikin daji sai ƙarshen wata. Da na dawo na gaya wa Uma abin da nake nufi, sai ta sauka ƙarƙashin gida da gwiwar tata ta zauna a kan ginshiƙan. Ta ce muddin suna nan, kai mai dawowa ne, kuma wanda zai ɗauke su sai ya ɗauke ta tare. Ban yi mata gardama ba. Na dai roƙe ta ta bi ni gadon iri. Ta tsuguna ta ciro ƙwaya ɗaya, saiwar ta yi baƙi, ta daɗe tana murza ta a yatsa. Ta ce wannan irin daga Amuntai Abah ya zo da shi a ƙulle a rawaninsa, shekarar da aka haife ka. Ta miƙe ta koma ta ɗora tukunya, ta ce in je in kira yaron nan na Jawa, amma wannan karon in tsaya a kansa da sandata kamar namiji.

Sutris ya dawo da Zalɓe da baya, kansa a ƙasa. Ya ce ba zai sa komai a baki ba sai ya gama, wai abincin Uma ne ya ja masa. Ya tura lakar mai tsami ya mayar cikin ramin, ya danna ginshiƙanka ɗaya bayan ɗaya da bayan cokali, mu kuma muka jera galam a tsakani muka cike da laka. Har Gwaggo Jumantan ta kawo kofi, tana cewa ba don Uma ba, don nata lemon. Ranar Juma'a Zalɓe ta fita.

Kusan rabin irin ya tsira, ya fara fitar da sabon ganye. Zai ishe mu dashe idan Allah ya yarda. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Ulin ba ya ruɓewa a ruwa, sai dai abin da Zalɓe ta kafa, Zalɓe kaɗai ke cirewa, kuma ko ta dawo, cire su kashe gonar ne. Ginshiƙanka sun tafi, Yaya, guminka ne na shekaru, kuma na taɓa su ba da izininka ba. Kullum ina juya abin, ban ga wata hanyar ba, amma na san ni mai ganin hanya ne bayan an wuce ta. Idan za ka yi fushi, da ni za ka yi, ba da Uma ba. Idan ruwa ya janye sunanka yana fitowa a jikinsu, har mutane sun fara cewa madatsar Kaspul. Uma takan je ta zauna a wurin da hantsi. Ta ce in gaya maka an riga an kafa maka ginshiƙi a garinku, saura ka zo ka gani.

Ka gaida Yaya Masliah, da Hairiah, da Supian, da Kawu Basuni idan yana sansaninku har yanzu. Norsehan na gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka mai jiran amsarka, ko wace iri ce,
Rusmadi

Gobe, in Allah ya kai mu:
Buɗe ƙofar madatsa da cikar safe, rufewa kafin ruwa ya juya.
Toshe yoyon gefen Gwaggo Jumantan.
Watsa toka a gadon iri.
Mayar wa Haji sandarsa.
Share ƙarƙashin gida, inda ginshiƙan suke da.
Kai wannan gidan waya. Kada in sake karanta ta a hanya.