Na Juya Maganar Mahaifina a Gaban Likitoci

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya yanke mini hukunci ya daure ya kai ƙarshe, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Namiji ne ni, haifaffen Jidda. In kun ji Hausata ta karkace ku yi haƙuri, ta cikin gida ce.

Mahaifina yana ƙaramin yaro iyayensa suka zo da shi aikin hajji, ba su koma ba. A unguwar Ruwais ya girma, ya samu takardun ƙasa, ya yi ta tuƙa babbar mota a wani kamfanin dakon kaya a unguwar Khumra har furfura ta fito masa. Bara ya faɗi yana alwala, shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda, amma hannun dama ya tafi, kuma abin da ya ɗaure mana kai, Larabcin da ya yi rayuwarsa da shi ya ɓace. In an yi masa ba ya kamawa, in ya buɗe baki Hausa ce kawai ke fita, irin ta kakata. Da yake bai kai shekarun ritaya ba, muka nema masa kuɗin nakasa daga inshorar ma'aikata da aka daɗe ana cira a albashinsa. Aka ce ya bayyana gaban kwamitin likitoci. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, ni na raka shi a matsayin tafinta.

Muna shiga na ga ɗaya daga cikin likitocin abokin karatuna ne na sakandare. Yana cikin yaran da suka riƙa kwaikwayon maganar Umma in ta zo ɗaukata, har na daina amsa mata da Hausa a bakin makaranta. Wallahi ranar bai yi mini komai ba sai alheri, ya tashi ya rungume ni, ya sumbaci kan Baba, ya tambayi inda nake aiki. Na ce harkar wayoyi, ban ce tsaron shagon wani nake a unguwar Safa ba. Da aka fara tambayoyi, babban likitan ya ce a tambayi Baba yadda yake gudanar da kansa a gida. Baba ya dube ni ya ce, "Babana, gaya musu gaskiya. Fitsari yana kubce mini. Kai kake yi mini tsarki, kai kake ɗaura mini wando. Na fita masallaci na kasa gane hanyar gida." Sunan kakana aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Babana. Anti, na ji maganar sarai. Na dubi farar rigar abokin nan, sai na ji bakina yana cewa da Larabci, alhamdulillah yana samun sauƙi, yana shiga bayi da kansa, har masallaci yana zuwa shi kaɗai. Suka rubuta. Baba yana ta gyaɗa kai, yana zaton kukansa nake kaiwa. Wace irin kunya ce wannan? Kunyar wa na ji? Mutumin da bai ji kunyar faɗin lalurarsa ba, ni ne zan ji masa?

Amsa ta fito cewa nakasar ba ta kai ba, ana sa ran zai warke ya koma wani aiki mara nauyi. Washegari Umma ta koma yin ɗanwake da masa tana aikawa gidaje, ga ciwon gwiwa. Baba kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa yaron nan ya yi ƙoƙari, ya tsaya ya yi musu bayani tiryan-tiryan, su ne dai ba su da tausayi. Ina zaune ina zuba wa baƙi shayi ake wannan yabon. 

Wani maƙwabcinmu ne ya ce ana ɗaukaka ƙara, ya kwatanta mana wani ofishi da lauyoyi ke taimakon marasa hali kyauta. Aka haɗa mu da wata lauya. Muna zama na fara fassara kamar yadda na saba, sai ta ɗaga mini hannu, ta juya ta gaida Baba da Hausa. Ashe kakanninta Hausawan Sudan ne. Baba ya yi murna har da hawaye, ya zayyana mata komai, ya ƙara da cewa duk wannan ya faɗa wa likitoci, ga ɗansa nan shaida. Ta duba rahoton kwamitin, ta ɗago ta dube ni. Sai da na zaunar da Baba a mota ta aiko a kira ni, wai na manta wani abu.

Ta rufe ƙofa ta ce, "Abin da Baba ya faɗa mini da abin da likitoci suka ji ba ɗaya ba ne. Wa ya yi fassarar?" Na ce ni ne. Ta tambaya ko Hausar ce ta yi mini wuya. Ta buɗe mini ƙofar tsira, na gani, amma na kasa shiga, na ce a'a Ustaza, na gane komai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Bayani ta yi mini, cewa za ta haɗa sababbin gwaje-gwaje, za ta nemi tafinta na daban, amma in Baba ya faɗi saɓanin abin da ke rubuce ba tare da dalili ba, za a ɗauka ƙari yake yi don a ba shi kuɗi. Abin da zai wanke shi, in tsaya da bakina in ce ni na canza maganar. Kuma sabon tafintan zai mayar wa Baba duk abin da aka faɗa a ɗakin, har da nawa. Ta ce ita ba za ta tona ni a gidanmu ba, amma ba za ta gina ƙara a kan ƙarya ba, halas, magana ta ƙare.

Zaman ɗaukaka ƙarar mako mai zuwa ne. Zan iya cewa Hausata ce ta gaza, kowa zai yarda, yaran Jidda nawa ne ke ji ba sa iya mayarwa? Amma Ustaza ta san ba haka ba ne, kuma ƙarya ta biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Jiya da la'asar ina yi masa aski na ɗaura niyyar faɗa masa, na ce Baba akwai magana. Ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce in dai zancen zaman ne kada in damu, shi ba ya son baƙon tafinta, in roƙi Ustaza ta bari ni in sake yi masa, don babu wanda zai ji ciwonsa kamar ni. Na ce to, na ci gaba da askin.

Likitansa ya gargaɗe mu da a guji tayar masa da hankali, jininsa yana hawa. In na faɗa masa a gida, ina tsoron abin da zai same shi. In na bari ya ji a gaban mutane daga bakin baƙo, wannan ya fi muni. In na yi shiru, Umma za ta ci gaba da tsayuwa a gaban kasko, shi kuma a rubuta shi maƙaryaci alhali shi kaɗai ya faɗi gaskiya a ɗakin nan. 'Yan'uwa, don girman Allah, me zan yi?