Layin da Ba Ya Yin Komai

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Helen, shugabar sashenmu, ta kira daga ofis. Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Nafeesa, ka yi haƙuri fa, amma aikin Nas ya tsaya." Nasrullahi mijina ne, amma a ofis Nas ɗinsu ne.

Manhajarmu, wadda ke sanar da matan rugagen Yangoji lokacin zuwan motar madara, ba ta haɗuwa a kwamfutar kowa sai ta Nasrullahi. Shekaru yana cusa mata abubuwa da hannu, bai rubuta ko ɗaya ba. Enoch, abokin aikinmu, ya gwada a tasa, ta ƙi. Kwamfutar tana nan gida tun ranar da ya rasu a hatsarin mota a Masaka, ni kuma ina takaba, ba fita nake ba. Saboda haka ni zan gina kwantenar Docker da za ta haɗa manhajar a ko'ina, a tura ta can injinan haya da muke ce wa cloud. In na gama, kamfani zai karɓi kwamfutarsa, a goge ta, a ba sabon ma'aikaci.

Na ce to. Duk abin da aka ce mini kwanan nan, to nake cewa.

Laraba, 10 ga Yuli

Gwaggo Lantana, da ta zo daga Zariya taya ni zama, ta tsaya a kaina da kofin kunu. Wai wane irin aiki ne mai takaba take yi da ba ya jira. Na ce mata kamar shirya wa matafiyi jaka ne: abin da ka sa a ciki da hannunka shi kaɗai zai tarar in ya sauka, abin da ka manta kuwa babu shi. Ta ce, "To Allah ya sa kada ki manta da kanki." Ta ajiye kunun. Ya huce a wurin.

Alhamis, 11 ga Yuli

Jan rubutun kuskure a allo tun safe. Na gyara ɗaya, wani ya fito.

Asabar, 13 ga Yuli

Aikin ba wuya gare shi ba, naci ne. In kunna, kwantenar ta faɗi, ta ce ba ta ga abu kaza ba. In shiga kwamfutarsa in nemo, in rubuta a fayil ɗina, in sake kunnawa. Wata tsohuwar laburare, wato ƙaramar manhajar da tamu ke dogara da ita, ta hana ni sakat, ashe ya ƙi sabunta ta ne don ita kaɗai ke fitar da ɗ da ƙ daidai a ƙananan wayoyin matan. Agogon kwantenar ma sai da na gaya masa a Najeriya muke.

Yau ruwa ya ɗauke a gidan. Maƙwabcinmu ya ce ai marigayi ne ke tayar da injin rijiyar kullum kafin ya fita. Ni a zatona famfo da kansa yake kawowa. Na je na tayar. Ban ji komai ba.

Talata, 16 ga Yuli

Kore. Ta haɗu tas, daga farko har ƙarshe.

Na zauna ina kallo. Wani abu bai yi mini daidai ba, sai da na sake kunnawa na gane. A kwamfutarsa, duk haɗin da za a yi, layin farko da ke fitowa shi ne: Bismillah. Allah ya sa a dace. Na saba ganinsa har na daina ganinsa. Ba a cikin manhajar yake ba, a saitin kwamfutarsa ya sa shi, don kansa. Kwantenata kuwa ta kama aiki kawai, shiru.

Helen ta aiko tana tambaya. Na ce saura kaɗan.

Alhamis, 18 ga Yuli

Saura kaɗan, na sake ce mata.

Ban tura fayil ɗin ko'ina ba, yana nan a kan kwamfutarsa kaɗai. Harafin a ya goge a kan madannan. Akwai ɓurɓushin ƙuli-ƙuli a tsakaninsu, mutumin da kullum sai na yi masa faɗan ci a kan aiki. Ba wai ina yin wani abu da ita ba ne. Ina buɗewa, ina rufewa.

Asabar, 20 ga Yuli

Da safe kwamfutarsa ta ƙi kunnuwa. Na danna, na sake dannawa, baƙi ƙirin. Na canza caja, na canza soket. Ko ranar da aka kawo gawarsa gida ban rikice haka ba. Gwaggo tana magana, ba na ji. Abin da ke kaina kawai: in ta mutu, ta tafi da aikinsa da nawa gaba ɗaya, ranar da manhajar ta sami matsala kuma matan Yangoji su yi ta tsayuwa a bakin titi madara tana tsami. Tsoro na ji, tsoro sosai.

Can wajen hantsi ta kawo haske. Ban tashi daga wurin ba. Na ƙara layi ɗaya a saman fayil ɗin, na tura.

Litinin, 22 ga Yuli

Enoch ya duba aikin, ya kira. Ya ce komai ya yi, ya haɗu a tasa, ya haɗu a cloud. Sai ya ce, "Madam, wannan layin na sama fa, ba ya yin komai."

Na ce na sani.

Sannan ya ce, "Na Nas ne, ko? Nakan gani in na leƙa allonsa." Ya amince da aikin bai taɓa layin ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Helen ta zo da kanta. Ta ce in ina so a bar mini kwamfutar wata guda, za ta yi wa oga magana. Na ce a'a, ku ɗauka. Ban kaɗe ɓurɓushin ba. Gwaggo ta dama mata fura, ta raka ta ƙofa. Wurin da kwamfutar take a kan tebur ya fi sauran haske.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na ce wa Gwaggo miyar yau gishiri ya yi yawa. Ta kalle ni, ta ce tun zuwanta haka take sa shi. Ta ƙara mini tuwo.

Bayan la'asar na kunna haɗin daga tawa kwamfutar. Ban canza komai ba, babu abin turawa. Can wata ƙasa, wani injin da bai san shi ba ya tashi, ya rubuto mini: Bismillah. Allah ya sa a dace.

Na ce amin, da ƙarfi, har Gwaggo ta leƙo. Na ce mata gwaji nake yi.

Na sake kunnawa.