Gida na Goma da Kwanon Delphine

Litinin, 29 ga Janairu, 2024

Takardar albashin shekara ta zo yau daga garejin bas inda nake aiki. A tsaye na buɗe ta, ko rigar sanyi ban cire ba. A jikinta, a gida na goma, an rubuta dala dubu uku. Ban san abin da ake yi da shi ba. Shekara talatin da ɗaya matata Marlys ce ke cika mana takardun haraji, ni nawa sa hannu ne, inda ta ɗora yatsa nan nake rattabawa. Ko da ɓarin jikinta ya shanye ba ta sakar mini ba. Da hagu take yi, tana min tsiya wai mutum ya iya kwance injin bas amma bakwai da takwas sun fi ƙarfinsa.

Na ɗora takardar a kan firiji. Burodi da waken gwangwani na ci.

Laraba, 31 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta zuba har gwiwa. Na share ƙofar gida da shebur, har da gangaren keken guragun Marlys. Sai da na gama na tuna ba mai hawa.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na je laburare, inda 'yan sa-kai ke taya mutane cika haraji kyauta. Wani tsohon malamin lissafi na samu, Orville Tangen, mai tabarau a ƙarshen hanci. Ya duba takardar ya ce, "Wa ake kula maka da shi?"

Na ce matata. A da.

Ya yi min ta'aziyya, sannan ya warware min. Kuɗin nan su ne waɗanda gareji ke cirewa daga albashina kafin a yanki haraji, a zuba a asusun kula da iyali, ni kuma a riƙa mayar min abin da na biya mai kula da Marlys in na tafi aiki. Wannan na sani. Abin da ban sani ba, akwai wani fom, 2441, da za a haɗa da takardun haraji, a rubuta sunan mai kulawar, da adireshinta, da lambarta ta haraji. In babu, sai a ɗauki dubu ukun a matsayin albashi a yanki haraji a kai.

"Ina rasit ɗin da take ba ku? Ai lambar tana jiki."

Na ce zan duba a gida. Ƙarya nake. A watan Disamba na tattara duk wata takarda da ta shafi ciwon, ta asibiti, ta magani, ta Delphine mai kula da ita, na tura su cikin murhun itace. A lokacin har wani sauƙi na ji.

Yana da kirki, Orville, amma yawan gyara tabarau ɗin nan nasa ya ishe ni.

Talata, 13 ga Fabrairu

Bari dai in rubuta, tunda ba mai gani.

Shekara biyu da rabi ina sauke Marlys a gidan Delphine Rautio ƙarfe shida da rabi, in ɗauke ta ƙarfe huɗu. Mutum uku take kula da su a falonta. Ran bakwai ga Nuwamba Marlys ta rasu a kujerar falon, bayan abincin rana, ni ina ƙarƙashin bas ina fama da birki. Kafin a nemo ni, kafin in wanke hannu, an gama.

Ran jana'iza, a ɗakin cin abinci na coci, Delphine ta shigo riƙe da kwanon gashin dankali, da zafinsa. A gaban kowa na ce mata, "Biyanki nake ki kula da ita, ba ki zuba mata ido ta tafi ba."  Ta ajiye kwanon a tebur, ta naɗe tsumman hannunta, ta fita.

Matan coci suka haɗo ni da kwanon. Yana nan a kan kanta, gilas mai shuɗin baki, a gindinsa an manna salatif an rubuta D. Rautio. Duk sauran kwanukan da aka kawo na mayar tun kafin Kirsimeti. Wannan kullum nake zagaye shi in zan ɗora kofi.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Yau ranar masoya, yaran gareji sun cika wurin da zancen furanni. Na yi aikina na dawo.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

'Yata Tanya ta kira daga Tucson. Tun tana ƙarama in ta ce "Baba" da wannan muryar na san faɗa za ta yi.

"Baba, tituna huɗu ne fa tsakaninka da Delphine. Ka je ka ƙwanƙwasa mana."

Na ce gwiwa tana damuna.

"Gwiwar da kake hawa rufin gida da ita kana karya ƙanƙara? Haba Baba. Ko in kira ta ni?"

Na ce in ta kuskura ba ni ba ita. Sai ta tambaye ni me na ci yau. Na ce kaza. Waken gwangwani ne.

Bayan ta ajiye waya gidan ya yi tsit, har ƙarar firiji nake ji. Kewa tana damuna. Na rubuta, shi ke nan.

Alhamis, 7 ga Maris

Na bi ta titin su Delphine da mota. Wata tsohuwa ce yanzu a kujerar da ke bakin taga, inda Marlys ke zama a da. Ban tsaya ba.

Asabar, 16 ga Maris

Na koma wurin Orville. Na ce rasit sun ɓata, matar kuma ba ma shiri.

Ya ce hanyoyi uku ne. Ko in samo lambar. Ko in haƙura a yanki harajin, zai kai ɗari shida da wani abu. Ko kuma, in na nema ta hana ni, sai in rubuta sunanta da adireshi, in haɗa da 'yar takarda cewa na nema ta ƙi bayarwa.

Na ce to ita me zai same ta?

"Za a iya cin tararta, ba da yawa ba. Amma sunanta zai shiga a matsayin wadda ta ƙi." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka dai nema ɗin ko, abokina?"

Na ce zan yi tunani. Ya ce tunani kyauta ne har sha biyar ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, daga nan kuma sai da kuɗi. Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Lahadi, 17 ga Maris

Na rubuta 'yar takardar. Layi biyu ce kawai: na nemi lambar, ta ƙi bayarwa. Rubutun ma ya yi kyau.

Talata, 19 ga Maris

Ban sa hannu ba.

Shekarar da muka sayar da tsohon kwalekwale dala ɗari biyu, Marlys ta hana ni barci kwana uku sai ta gano ko ana rubuta shi a haraji. Na ce wa zai sani? Ta ce ita. Wannan matar ce zan sa sunanta a fom, a matsayin wadda aka kula da ita, sannan in sharara ƙarya a kan wadda ta yi shekara biyu da rabi tana yanka mata nama ƙanana, tana kai ta bayi?

Na riga na ci mutuncin Delphine sau ɗaya a gaban coci. Wannan zai zama na biyu, a gaban gwamnati.

Na tura takardar cikin murhu. Na ƙware a wannan dai.

Juma'a, 29 ga Maris

To in biya ɗari shidan mana. Ba za ta kashe ni ba. Na ɗauko littafin cak na banki na zauna, sai na ga abin da nake shirin saya ke nan: kada in taka tituna huɗu. Tsoro ne, kuma ya yi tsada.

Asabar, 6 ga Afrilu

Matsalar kwanon ita ce ba a mayar da shi wayam. Kowa ya san haka a garin nan, ko biskit shida ne sai ka sa. Waɗanda na mayar a Disamba, Tanya ce ta cika su kafin ta koma.

Na ɗauko akwatin katunan girkin Marlys. Gashin shinkafar tafki da kaza, da rubutunta na da, kafin hannun ya lalace. A gefe ta ƙara: "Kada a bar Duane ya sa gishiri." Ni ke nan. Na zauna a kujera na daɗe.

Na gwada. Sama ya ƙone, ƙasa shinkafa tsakuwa. Ko tsuntsaye ba su taɓa ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Ashe jiƙa shinkafar ake yi tukuna. An rubuta a bayan katin. Wa ke duba bayan kati?

Asabar, 13 ga Afrilu

Na je.

Ƙarfe biyu na rana, kwano a naɗe cikin tawul, fom a aljihu. Sau biyu na wuce ƙofar kafin in tsaya. Ita ta buɗe tun ban ƙwanƙwasa ba, wai ta gaji da kallona ina zagaye titi tun watan Maris.

Ta dubi kwanon. "Wata biyar, Duane. Har na sayi wani."

Na ce na zo ne a kan wata lamba.

"Na sani. Shigo, kana sa min sanyi a gida."

Ranar Asabar ba ta da kowa. Kujerar tana inda take. Na zauna a wata. Ta buɗe durowa ta miƙo min ambulan da sunana a kai, a ciki takardar abin da na biya a shekara, da lambar, da sa hannunta. Kwanan watan ashirin ga Janairu ne.

"Na kowa na aika ta gidan waya," in ji ta. "Naka na ce sai ka zo da ƙafarka. In ba ka zo ba, gobe da na jefa maka a akwatin wasiƙa, ba don kai ba, don ita. Ta tsani a makara."

Na shirya magana tun daga gida, duk ta gudu. Abin da ya fito kawai, abin da na faɗa a coci ba daidai ba ne, ta yafe min.

"Ba daidai ba ne," ta ce. "Sati biyu ban iya buɗe gidan nan ba. Kana tsammani kai kaɗai aka yi wa rashi? Kai da dare kake ganinta, a gajiye. Ni ke da ita da rana."

Ban taɓa tunanin haka ba. Ko sau ɗaya.

Sai na tambayi abin da na kasa tambaya wata biyar. Ta ce Marlys ta ci abincinta tas ranar, ta cinye sauran biyun a wasan karta sau biyu, tana musu ihu wai su biya ta. Ta nemi bargo. Ta ce, "Delphine, ki tuna min in ce wa wancan mai taurin kan ya sa wa mota tayoyin sanyi kafin ƙanƙara ta zo." Ta rufe ido. Da Delphine ta ga numfashin ya canja ta kira motar asibiti, tana riƙe da hannunta, na hagun, mai ji. Ba ta sake shi ba har suka iso.

"Ka sa tayoyin?"

Na ce a'a.

"Duk hunturun nan? Allah ya shirye ka, Duane."

Nan na yi kuka, a falon mutane, da hula a gwiwa. Ta bar ni na gama, ta kawo kofi da cokula biyu. Ta ɗanɗana gashin ta ɓata fuska. Ba gishiri ko kaɗan, wai ko asibiti sun fi ni.

Litinin, 15 ga Afrilu

Orville ya cika fom ɗin cikin minti goma. Sunan Marlys a layi ɗaya, na Delphine a sama da shi, da lambar. Ya nuna min inda zan sa hannu da bakin biro. Na karanta tukuna, karo na farko a rayuwata. Babu harajin da ya hau dubu ukun.

Ya ce badi gida na goma zai zo min babu komai, ba sai na sake wannan fom ba. Da alheri ya faɗa. Na fita na zauna a mota kafin in iya tayar da ita.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na dawo daga coci na tarar da kwanon a bakin ƙofa, a naɗe cikin tawul ɗina. Gashin dankali. An manna sabon salatif a kan murfi: "Haka ake sa gishiri."

Na ci rabi a zaune, a tebur, da faranti.

Yanzu kuma kwanon mutane yana hannuna, ba a kuma mayarwa wayam. Ba wani abu ba ne, al'ada ce kawai. Na duba akwatin Marlys, akwai wani na taliya da cuku da bai yi kama da mai wuya ba. Na duba bayan katin ma.

Tanya ta kira ta ce me na ci. Na faɗa mata gaskiya.

Asabar zan kai. In gwiwa ta bari.